Kundin aiki: tukunyar firesha don haɗa irin laimar kwaɗi a gida, Kano

4 ga Nuwamba

Abin da ake so shi ne a riƙa haɗa irin laimar kwaɗi nau'in oyista a gida, a kan ƙwayar dawa, wato dafaffiyar dawar da farin zaren laimar ya mamaye, a daina jiran wanda ake aikowa daga kudu yana isowa a galabaice saboda zafin mota. Komai na wannan aikin ya rataya a kan tukunya ɗaya.

Karan shinkafa ko garin katako da ake shuka laimar a kai ba sa buƙatar firesha, ruwan zafi a durom ya ishe su. Hatsi ne mai rigima. Abinci ne mai ƙarfi, duk abin da ya rage da rai a cikinsa sai ya riga irin cin moriyarsa. Funfuna da yawancin bakteriya tafasa tana kashe su, amma akwai dangin Bacillus da ke zuwa daga ƙasar gona, waɗanda ke kulle kansu cikin ɓawo mai tauri, su kwana a tafasasshen ruwa su tashi lafiya. Waɗannan sai tururi mai zafin digiri 121, wanda ake samu idan matsin tukunya ya kai psi 15, wato kusan kPa 103.

Wancan lissafin na bakin teku ne. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, ruwa yana tafasa a wajen digiri 98 da ɗoriya. Tukunyar da za ta ba mutumin Legas 121, a nan 120 za ta ba da. Digiri ɗaya ba ya hana aiki, sai dai yana nufin ba mu da rarar da za mu ƙara yin asara a kan tukunya mai rauni.

Abubuwan da za a tafi da su kasuwa: tef ɗin tela, kwalbar mayonis babba guda ɗaya, da fitilar waya don karanta rubutun ƙasan tukunya. Kwalbar faɗinta santimita 9.5, tsayinta 17 da murfi.

7 ga Nuwamba

Zagayen masu kayan kicin a Kasuwar Sabon Gari. Tambayar farko a kowane shago ita ce "Malam, lita nawa kake so?" Ga mai dafa ganda ko wake tambayar daidai take. Ga mai jera kwalabe, lita ba ta faɗin komai sai an auna ciki.

Masu lita 7, 9 da 11 duk gajeru ne, zurfinsu tsakanin santimita 15 da 18. Idan aka sa faifan ƙarfe mai huji-huji a ƙasa, wanda dole ne don kada gindin kwalba ya taɓa gindin tukunya ya fashe, babbar kwalba ba ta tsayawa a cikin ko ɗaya. Kwantar da kwalba kuma yana jiƙa audugar da ake cusawa a hujin murfi. Wajen faɗi akwai lissafi mai sauƙi: kwalba bakwai, shida a kewaye ɗaya a tsakiya, suna buƙatar tukunya mai faɗin kwalba uku a jere, wato santimita 28.5. Kwalba shida ma faɗin da suke buƙata ke nan, saboda haka tukunyar da ta gaza wannan faɗin ko da ɗan yatsa, daga bakwai sai ta faɗo biyar.

Iri-irin da aka gani:

Na alminiyam 'yan China, su ne suka cika kasuwa, su ne masu araha. A ƙasan yawancinsu ko a kan murfi an buga kPa 80, wasu 70. A Kano 80 tana ba da kusan digiri 116, ita kuwa 70 wajen 114. Akwai manya-manya na gidan abinci masu kusoshin ɗaurewa a kewayen murfi, girmansu yana ruɗar ido, amma lambar matsinsu ba ta fi ta ƙananan ba, wasu ma ba a rubuta komai a jikinsu. Wadda ba ta da lamba an bar ta a inda take.

'Yan Indiya masu usur, wato ɗan nauyin da ake ɗorawa a kan bututun tururi. Takardarsu tana cewa kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i, wato kusa da psi 15 ɗin da ake nema. Kashi biyu ne: mai murfin da ke shiga ciki, bakinta ba zagaye ba ne kuma ya fi cikinta ƙanƙanta, sai a yi ta dabarar zura kwalba, da mai murfin waje, bakinta daidai da cikinta. Ba su da geji, wato agogon nuna matsi.

Na lantarki: galibinsu psi 10 zuwa 12 suke tsayawa, cikinsu ƙarami, ga kuma wutar da ba a yi mata alƙawarin awa biyu a jere. An cire su daga lissafi.

Masu noman laima a Amurka Presto mai kwat 23 ko All American 921 suke amfani da su, kowacce tana cin kwalba bakwai kuma tana da geji. All American ba ta da robar murfi ma sam, ƙarfe ne ke kama ƙarfe. Kafin ɗaya ta iso Kano da kuɗin jirgi da kwastan, kuɗinta ya sayi na kasuwa da yawa, kuma ran da wani ɗan ƙarfe ya lalace sai an sake jiran jirgi. A shagunan kayan asibiti akwai ƙaramin otokilef, tukunyar tururi ta tsabtace kayan asibiti, mai lita 18 da geji da bawul biyu, yana wuce digiri 121 cikin sauƙi. Shi ne ya fi dacewa da aikin, kuɗinsa ne bai dace da farawa ba.

Ba a sayi komai ba. Akwai mai kPa 80 ta lita 9 a gida, za a fara gwada ta tukuna, tunda ita ce irin da yawancin gidaje ke da ita.

10 ga Nuwamba

Dawa daga Dawanau, kwano biyu, ₦1,600 kowanne. Sabuwa ce ta bana, shi ya sa kaka ta fi kyau da wannan aikin: ba a kai ga zuba mata maganin ajiya ba. Dawar shuka mai launin magani kuwa ko kyauta ba a so, maganin funfuna ne a jikinta, laimar kwaɗi kuma dangin funfuna ce. An zaɓi dawa a kan gero don ƙwayarta ba ta saurin fashewa. Gero yana ba da wuraren kamawa da yawa amma kuskuren minti biyar a wuta ya mai da shi kunu.

Shiri: a wanke har ruwa ya fita garau, a kwashe duk abin da ya taso sama da fasassun ƙwayoyi. A jiƙa awa 12 zuwa 18. Jiƙon yana shigar da ruwa cikin ƙwaya, yana kuma sa wasu daga cikin masu ɓawon nan su farka, farkakke kuwa ya fi sauƙin kashewa. A zafin watan Afrilu awa 12 ma ta yi yawa, za ta fara tsami. Bayan jiƙo a ɗora a ruwa mai ɗan motsi, ba tafasa mai ƙarfi ba, minti 15. Alamar ta yi: farce yana raba ƙwaya biyu, tsakiya babu farin gari, ɓawo bai tsage ba. A tsane a kwando, a baza a tire har ta daina barin danshi a tafin hannu, ta zama wara-wara kamar dambun da ya yi kyau.

Sikeli ya fi ido gaskiya. Kilo 1 na busasshiya ya kamata ya koma tsakanin 1.5 da 1.65. Ƙasa da haka irin zai yi ta jan ƙafa, sama da haka ruwa zai taru a gindin kwalba. Ta yau ta tsaya a 1.55. Sai garin jifsam giram 15 a kowane kilo na busasshiya don kada ta dunƙule. Inda babu jifsam, a kwaɓa garin POP da ruwa, ya daskare, ya bushe, a daka. Abu ɗaya ne ya koma.

11 ga Nuwamba

Gwajin tukunyar gida. Ƙananan kwalabe shida na rabin lita, kowacce an cika kashi biyu cikin uku. An huda murfi da ƙusa mai kauri, an cusa auduga da ƙarfi, an lulluɓe da foyil. Minti 90 daga lokacin da matsi ya kama, daidai yadda ake yi wa mai psi 15. Ba za a sa musu iri ba. Za a ajiye su a rufe a wuri mai ɗumi a ga abin da zai fito da kansa.

15 ga Nuwamba

Babu canji a ido. Kwalba biyu sun fara gumi a ciki fiye da sauran.

19 ga Nuwamba

Huɗu cikin shida sun lalace. Ba kore ba ne, ba baƙi ba ne, wato ba funfuna ce ta shiga ta murfi ba. Ƙwayoyin da ke jingine da gilashi sun yi laushi, sun yi duhu, wani ruwa mai yauƙi launin toka-toka ya kewaye su, idan an kai hanci kusa da audugar sai warin tsami mai ɗan zaƙi-zaƙi. Wannan aikin Bacillus ne, kuma tun daga gona yake cikin dawar, wuta ce ba ta gama da shi ba.

Dalilin yana cikin lissafi. Wajen kashe waɗannan bakteriya da tururi, duk ragin digiri 10 yana ninka lokacin da ake buƙata kusan sau goma. Ragin digiri 4, daga 120 zuwa 116, yana ninka shi sau biyu da rabi. Kuma minti 90 ɗin nan ba duka ne na kisa ba: kusan rabin farko zafi ne ke ratsawa zuwa tsakiyar kwalba, don hatsi da iskar da ke tsakaninsa ba sa saurin miƙa zafi. Saboda haka a tukunya mai kPa 80 abin da ake buƙata ya kama awa biyu da rabi zuwa uku.

Wasu suna ɗora kwabo ko goro na ƙarfe a kan usur don matsin ya ƙaru. Kada a yi. Kaurin jikin tukunyar da bawul ɗinta an yi su ne a kan lambar da aka buga, ba a san inda za ta ba da kai ba. Haka huda murfi a ɗaura geji a wajen mai walda.

Kwalaben da suka lalace ba a buɗe su a ɗakin aiki. An mai da su tukunya minti 30, sannan aka zubar a rami.

21 ga Nuwamba

An maimaita da awa uku. An auna silinda da sikelin rataya kafin da bayan: gas kilo 0.45 a kan dafaffiyar dawa kilo 1.3 kacal. Ruwan da tukunyar ke ɗauka ba tare da ya hau kwalabe ba lita ɗaya da rabi ne, da aka buɗe saura ɗan abin da ya rufe gindi. Dawar ta yi duhu fiye da yadda ake so.

24 ga Nuwamba

An sayi 'yar Indiya mai murfin waje, lita 20, alminiyam mai kauri. Faɗin ciki santimita 30, zurfi 28. Kwalba bakwai sun shiga, da ɗan sarari a tsakani, kuma akwai kusan santimita 8 a sama bayan faifai.

Abin da aka duba a shagon kafin biya: an ɗaga murfi sama an leƙa bututun tururi a ga haske, an kwantar da murfi a kan tebur a ga ko ya karkace, an bi bakin tukunya da yatsa ko akwai lotsawa, an ja robar murfi a ga ko tana tsattsagewa, hannaye biyu a ɗaure da kusoshi, ba rawa. Sharaɗin ƙarshe shi ne mai shagon ya fito da robar canji da bawul ɗin kariya masu girmanta a gani da ido. "Akwai, sai an kawo" ba amsa ba ce. Wata tukunyar da ta fi ta kyau an bar ta saboda wannan kaɗai, don roba abin cinyewa ce, ran da ta saki babu madadi tukunyar ta zama ta dafa taliya.

Kuɗi: tukunya ₦85,000, robar ajiya ₦4,000, bawul biyu ₦3,000. Kwalaben mayonis na gilashi ashirin daga masu sayar da tsofaffin kwalabe, ₦300 kowacce. Na roba ba sa aiki sai mai lamba 5 a gindi, wato robar folifurofilin mai jure zafi.

26 ga Nuwamba

Gwaji da ruwa zalla, don a san halinta. Lita 3 a ciki, babu kwalba.

Tsarin da ya zauna: a rufe ba tare da usur ba, wuta sama, har tururi ya riƙa fita a miƙe ba yankewa, a bar shi haka minti 10 cur. Wannan matakin ne masu dafa abinci ba sa yi, mu kuwa ba ma tsallake shi. Iskar da ta maƙale a ciki tana ƙara matsi amma ba ta ƙara zafi. Usur zai yi kuka kamar komai ya kai, alhali tururin ciki ya gaza da digiri da yawa. Bayan minti goman a ɗora usur da cokali mai dogon hannu ko tsumma. Kukan farko shi ne farkon ƙidaya.

Daga nan sai rigimar wuta. Tukunyar Indiya ba ta sakin tururi kaɗan-kaɗan, tara shi take ta sake gaba ɗaya. Kowane kuka matsi ne ya faɗi farat ɗaya, ruwan da ke cikin hatsi ya yunƙura, auduga ta jiƙe, ruwan tukunya ya ragu. Da wuta matsakaiciya tana kuka duk minti biyu zuwa uku, ta cinye fiye da lita ɗaya a awa. Da aka rage har usur yana 'yar shessheƙa kawai, yana kuka sau ɗaya a minti goma ko fiye, abin da ta ci bai wuce rabin lita ba. Wurin da ake so ke nan, an yi wa makunnin murhu alama da fenti. Idan shessheƙar ta ɗauke gaba ɗaya, matsi ya sauka, sai a ƙara wuta a sake ƙidaya daga inda ta dawo.

Iskar hunturu ta fara. A tsakar gida tana kaɗa ƙaramar wuta har ta kashe ta. An kewaye murhun da guntun langa-langa ta gefe uku, silinda tana waje da kewayen. Murhun da ake ɗaurawa a kan silinda kai tsaye bai dace ba: tukunya cike ta haura kilo 15, ga tsayi, ga awa biyu na zafi a saman gas.

Ruwan rijiyar burtsatse ya bar farin dabbare a ciki kuma ya baƙanta alminiyam. Cokali biyu na ruwan lemon tsami a ruwan tukunya yana hanawa.

28 ga Nuwamba

Zubi na farko na gaske. Dawa kilo 2 busasshiya, ta ba da kilo 3.1, ta cika kwalba bakwai zuwa kashi biyu cikin uku. Murfin kowacce a ɗaure sannan a sassauta kwata. Ruwa lita 3, ya tsaya ƙasa da rabin kwalba. Minti 100 maimakon 90, goman na tsayin Kano ne. An kashe wuta an bar ta ta huce da kanta har safe. Ɗaga usur ko zuba mata ruwan sanyi yana fasa kwalba kuma yana zuƙo ƙazamar iska cikin hatsi. Gas kilo 0.4.

An liƙa tef ɗin otokilef a murfin kwalbar tsakiya, layukansa sun yi baƙi. Wannan shaidar tururi ya taɓa shi ce kawai, cikin 'yan mintuna yake juyawa, bai san abin da ke tsakiyar dawa ba. Shaidar gaske ita ce jira.

Da safe an ɗaure murafe, an cire foyil don auduga ta bushe, an girgiza kowacce don ƙwayoyin gindi masu danshi su gauraya da na sama.

1 ga Disamba

Kwalaben tukunyar gida na awa uku: duk shida lafiya bayan kwana goma. Ke nan mai kPa 80 tana iya aikin idan aka ba ta lokaci. Sai dai kowane kilo na dawa yana cin gas kusan ninki uku na babbar, kuma tana gama aiki ne a bakin ƙonewa. Ga mai son kwalba biyu-uku don koyo ta wadatar, bai kamata ya sayi wata ba tukuna. Ga mai son cika ɗaki da jakunkuna, a'a.

6 ga Disamba

Bakwai ɗin babu mai wari, babu mai yauƙi. An sa wa shida iri, an bar ɗaya haka don ci gaba da lura.

Uwar irin, wato irin farko da ake ɗiba a zuba a kwalabe, daga Legas take. Cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi ta daɗe a aikin laimar kwaɗi, kuma a kudu ake samun masu sayar da iri. A cikin nau'o'in oyista an ɗauki Pleurotus pulmonarius don ya fi ostreatus jure ɗumi.

Hazo ya sauka, ƙura tana ko'ina, kowace ƙura kuma da abin da ta ɗauko. An yi aikin a cikin babbar robar ajiya mai haske daga Kofar Wambai, an kife ta, an yanke ramukan hannu biyu. An kashe fanka, an rufe taga, an yayyafa wa ƙasa ruwa, an jira minti 20. Sifirit kashi uku, ruwa kashi ɗaya, yana ba da kusan kashi 70 cikin ɗari, wanda ya fi zallan sifirit kisa don ba ya saurin bushewa. Ba a kunna wuta a cikin robar bayan an fesa. Cokali biyu na iri a kowace kwalba, murfi bai wuce 'yan daƙiƙu a buɗe ba.

11 ga Disamba

Farin zare ya kama a duka shida. Dare yana sanyi, ɗakin yana sauka ƙasa da digiri 20, tafiyar ta yi jinkiri. Ya fi son 24 zuwa 28. An sa kwalaben a kwali an rufa da bargo.

14 ga Disamba

Gwajin jakunkuna, kuma bawul ya tashi.

Jakar leda tana cin hatsi fiye da kwalba, shi ya sa aka gwada huɗu, kowacce kilo 1.5, niyyar awa biyu da rabi don dunƙulen ya fi kauri. Ledar dole ta zama folifurofilin, mai ƙarar takarda idan an murza. Ledar ƙulla kaya ta kasuwa tana narkewa kafin a kai digiri 120. An naɗe bakin kowace jaka, an jera su a kan faifai da tsumma tsakaninsu da bangon tukunya, an ɗora farantin silba a sama.

Wajen minti 40 da fara ƙidaya shessheƙar usur ta ɗauke, wuta kuwa tana nan yadda take. Wannan shirun ya bambanta da na saukar matsi: jikin tukunya yana ƙara, tururi ya fara tsartuwa ta gefen roba inda bai taɓa fita ba. An kashe gas an ja baya. Kafin minti ɗaya bawul ɗin kariya ya buɗe, tururi ya yi sama da ƙarfi har ya ƙare.

Da ta huce aka ga abin da ya faru. Kowane kukan usur yana sa iskar cikin jaka ta kumbura. Farantin ba shi da nauyi, jakar sama ta ture shi gefe, bakinta ya warware, ledar ta manne a ramin bututu daga ciki ta toshe shi. Bawul ɗin irin waɗannan tukwane ɗan ƙarfe ne mai saurin narkewa a tsakiyarsa, idan zafi da matsi suka wuce iyaka sai ya ba da hanya. Ya yi aikin da aka sa shi. Wanda ya taɓa maye gurbinsa da ƙusa da noti, kamar yadda wasu masu gyara ke yi idan babu na canji, ya san abin da ya cire.

Jaka biyu sun fashe saboda saukar matsi farat ɗaya. Dawar duka an ba kaji, tunda ba ta kai ga lalacewa ba.

Gyaran tsari: a matse iska daga jaka kafin naɗewa, a naɗe baki a tura shi ƙarƙashin jakar, a ɗora faifan ƙarfe mai huji wanda ya kusa cika faɗin tukunya, a danne shi da wani abu mai nauyi da ba ya fashewa, a bar aƙalla santimita 5 tsakaninsa da murfi. Jaka uku, ba huɗu ba. Kuma ba a barin tukunya ita kaɗai. Kunne ne gejin wadda ba ta da geji.

16 ga Disamba

An sa sabon bawul, ana ɗaure shi daga cikin murfi. An zura tsinke a bututu, ɗan guntun leda ya fito. Roba ba ta ji komai ba, an shafa mata man gyaɗa kaɗan, ana ajiye ta a waje da murfi idan ba a aiki. Gwajin ruwa zalla minti 20, lafiya.

An girgiza kwalabe, zaren ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku.

19 ga Disamba

Jaka uku da sabon tsari, minti 150, ruwa lita 3.5. Babu matsala. Saura fiye da lita biyu a gindi. Gas kilo 0.55 a kan dawa kilo 4.5.

23 ga Disamba

Kwalba biyar sun yi fari fat, ƙamshin laima ne ke fita ta auduga. Ta shida ta fito da tabo kore a sama, dab da inda irin ya sauka. Funfunar Trichoderma ce, tana farawa fara sannan ta juya kore. Wurin da ta fito ya wanke tukunya daga zargi: da daga dafuwa ne da tsami za a gani a gindi ko a tsakiya. Wannan a lokacin sa iri ta shiga. Ta bakwai da ba a sa wa komai ba har yau tsaf take, sai ɗan bushewa a sama saboda hunturu yana jan danshi ta auduga. Zubi na gaba za a rage girman hujin murfi.

Wadda za a fi tsoro idan zafi ya dawo ita ce funfuna mai launin lemo, Neurospora. Cikin kwana biyu take cika kwalba har ta fito ta auduga, kuma idan garinta ya bazu a ɗaki fitar da shi aiki ne. Duk kwalbar da ta nuna launin nan a sa ta a leda a ɗaure kafin a motsa ta.

28 ga Disamba

Lissafin zubi ɗaya na kwalba bakwai: dawa ₦1,300, gas har da na tafasar farko kusan ₦650 a kan ₦1,300 kilo, auduga da foyil da sifirit wajen ₦500. Kwalba ɗaya ta tashi kusan ₦350, ban da kuɗin uwar iri. Kwalba ɗaya mai kyau tana iya haifar da goma, amma ba za a wuce hawa biyu ko uku daga uwa ba, don ƙarfin irin yana raguwa kuma duk ɓoyayyen datti yana ninkuwa tare da shi.

Kwalba biyu sun shiga firji a matsayin uwa. Uku za su tafi shuka. An yi maganar karan shinkafa daga wajen Kura, garin katako kuma daga 'yan katako na Na'ibawa, sai dai a nan dole a tambayi itacen da aka yanka, a guji wanda aka yi wa maganin gara. Karan za a sare shi tsawon yatsa, a nutsa a durom a digiri 65 zuwa 75 na awa ɗaya da rabi, a tsane har matsa ba ta fitar da fiye da ɗigo biyu, iri kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiƙaƙƙen kara. Abin saye kafin nan: ma'aunin zafi mai dogon tsinke, buhunan algarara don rataya a jiƙe a ɗakin shuka saboda bushewar iska, da ƙarin bawul ɗaya, tunda na ajiya saura guda.